MUZURU DA FESHIN FITSARI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Watakila wani ya ce wannan magana ta yi ƙanƙanta a kawo ta gaban iyayen ƙasa. Hakimi yana fama da rikicin gona, da na burtali, da sha'anin tsaro, ina shi ina fitsarin kyanwa? Amma duk wanda ya saba zama a zauren dagaci ya san ba manyan abubuwa kaɗai ke raba maƙwabta ba. Bayan wannan kuma, maganar kyanwa maganar rumbu ce, maganar rumbu kuwa ba ƙarama ba ce a ƙasar manoma irin ta Bilbis da sauran ƙasashen Tsafe, da Bunguɗu, da Gusau. Saboda haka muna roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan takarda a natse, sa'an nan su isar da abin da ke ciki ga dagatai da masu unguwanni.

ABIN DA YA KAN FARU

Ga yadda abin ya kan kasance. Kaka ta yi, magidanci ya kawo dawarsa da masararsa gida. Abin da rumbu bai ɗauke ba ya ɗura a buhu, ya jibge a zaure ko a wani ɗaki. Bayan 'yan kwanaki sai a fara jin wani wari mai hawa kai. A duba ƙasa, ba a ga kome ba. Sai an lura sosai sa'an nan a ga wani ɗan zane ya gangaro a jikin buhu, ko a ƙyaure, ko a gindin bango. Wata rana da asuba maigida ya fito alwala, ya ga muzurun gidan ya juya wa tabarmar da aka jingine baya, ya ɗaga wutsiya, ya fesa mata fitsari, ya wuce abinsa.

Daga nan sai duka. In duka bai yi ba, sai a sa shi a buhu, a ba mai zuwa kasuwa ya yar da shi a nesa. In kuwa muzurun na maƙwabci ne, sai cacar baki tsakanin mata ta kan katanga, har magana ta kai ga mai unguwa. Wani ma ba ya kai ƙara, sai ya sa guba. Kafin wata biyu ɓeraye sun cika ɗakin, sun huda buhuna. Abin takaici kuma, warin bai tafi ba, gama wani muzuru daga wata unguwa ya gaje wurin, shi ma yana fesawa a daidai inda na farko ya ke yi.

Duk wannan hasara rashin sanin dalili ya jawo ta. In an san abin da ya sa muzuru ke yin haka, maganin ba shi da wuya.

BAMBANCIN FESHI DA FITSARI

Da farko ya kamata a rarrabe abu biyu. Kyanwa, wadda waɗansu ke kira mage, mutanen yammacin ƙasar Hausa kuma su ce mussa, dabba ce mai tsabta. In fitsari ya kama ta, sai ta nemi ƙasa mai laushi ko rairayi, ta tona, ta tsuguna, ta yi, ta binne. Wannan shi ne fitsarin biyan bukata, mace da namiji duka haka su ke yi.

Feshi dabam ne. Muzuru ya kan fara sunsunar wurin. Sa'an nan ya juya masa baya yana tsaye a kan ƙafa huɗu, ya miƙe wutsiya sama tana karkarwa, wani lokaci yana tattaka ƙasa da ƙafafun baya. Sai ya harba ɗan fitsari kaɗan, sau da yawa bai cika cokalin shayi ba, a jikin abin da ke tsaye: bango, ko ƙyaure, ko buhu, ko turmi, ko tayar babur. Tsawon wurin daga ƙasa kamar taƙi guda ne, watau daidai hancin wani muzuru. Ba ya tonawa, ba ya binnewa, domin so ya ke a ji.

Mace ma ta kan fesa, musamman lokacin da ta ke neman namiji, amma ba ta kai muzuru yawan yi ba, warin nata kuma bai kai nasa ba.

DALILIN FESHI

Kyanwar da ke gidajenmu jikar kyanwar daji ce, irin wadda har yanzu a ke samu a dazuzzukan Afirka da ƙasashen Larabawa. Masana sun gane cewa ta fara kusantar mutane ne sa'ad da mutane suka fara noma suna ajiye hatsi, ɓeraye suka biyo hatsin, ita kuma ta biyo ɓerayen. A shekarar 2004 masu tonon kayan tarihi suka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kubrus wanda ya kai shekara 9,500, an binne mutum da kyanwa kusa da juna. Mutanen Masar na dā kuwa sun girmama ta ƙwarai saboda tsaron rumbunansu. Ashe tun asali rumbu ne ya haɗa mu da ita.

To, kyanwar daji ba ta zaman garke. Kowace tana da yankinta na farauta, ba safai su ke haɗuwa ido da ido ba. Dabbar da ke zaman kaɗaici haka, tilas ta sami hanyar barin saƙo ga 'yan'uwanta, wanda zai dawwama bayan ta wuce. Hanyar ita ce wari. Zaki da damisa ma haka su ke fesa fitsari a jikin itatuwa da duwatsu. Muzurun gida ya bar daji, amma bai bar wannan hali ba.

Manomi ya kan dasa gamba ko bi-ni-da-zugu a kan iyakar gonarsa don kowa ya san inda tasa ta tsaya. Malamin hakimi kuma ya kan manna sanarwa a ƙofar fada, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Feshin muzuru ya fi kama da na biyun. Muzurun da ya zo daga baya in ya sunsuna, zai gane namiji ne ya yi ko mace, baligi ne ko yaro, sananne ne ko baƙo, yanzu ya wuce ko tun shekaranjiya. Ba ya hana shi wucewa kamar yadda shinge ke hana akuya, amma yana sanar da shi ko mai wurin na kusa, don ya kauce in ba ya son faɗa. Mace kuma ta nan ta ke sanin akwai namiji a unguwar.

Wanda ya lura zai ga in kyanwa ta sunsuni irin wannan wuri ta kan ɗan buɗe baki, ta tsaya shiru kamar mai tunani. Akwai wata 'yar kafa a ganɗarta, bayan haƙoran gaba na sama, wadda ke kai wari zuwa wata gaɓa ta musamman. Da ita ta ke karanta saƙon. Bunsuru da doki ma suna da irinta, shi ya sa su ke ɗage leɓe in sun sunsuni fitsarin mace.

Muzuru ya kan fara feshi in ya balaga, watau tsakanin wata 6 da shekara guda. Abin da ke tunzura shi wani sinadari ne da 'ya'yan marainansa ke zubawa cikin jini, likitoci suna kiransa testosteron. Shi ne ke sa kumatunsa su yi kauri, ya riƙa yawon dare, yana kuka a kan katanga, yana dawowa da kunne a yage. Kowane makiyayi ya san irin wannan a wurin awaki. Bunsuru ya kan yi wa gemunsa da ƙafafunsa fitsari, ya yi ta ɗoyi yana bin awaki, alhali taure yana kiwonsa lafiya, ba wari ba faɗa. Abin da ya raba bunsuru da taure shi ne ya raba muzurun da ke feshi da wanda aka yi wa fiɗiya.

DON ME WARIN YA KE DA ƘARFI HAKA?

A shekarar 1953 wani masani a Ingila mai suna Westall ya gano wani sinadari a fitsarin kyanwa wanda ba a samunsa a na mutum ko na tumaki da shanu, aka sa masa suna felinin. Yana ɗauke da farar wuta a cikinsa. Lokacin da ya fito sabo warinsa ba shi da yawa. Amma in ya sha iska sai ya riƙa narkewa a hankali, yana sakin wani tururi mai ɗoyi. Wannan ya sa wurin da aka fesa jiya ya kan fi na yau wari, kuma in damina ta zo bango ya yi laima, sai tsohon wari ya taso kamar sabo. Masana a Japan, su Miyazaki, sun bayyana a shekarar 2003 wani abu da ƙodar kyanwa ke fitarwa, wanda daga baya aka tabbatar shi ne ke taimakawa wajen haɗa felinin ɗin.

An auna an ga muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba yana fitar da felinin kusan ninki uku na wanda aka yi wa, haka kuma kusan ninki uku na mace. Jikin kyanwa daga naman da ta ci ya ke haɗa wannan abu, don haka waɗansu masana suna tsammani ƙarfin warin shaida ce ga mata cewa mai shi gwanin farauta ne, yana ƙoshi.

ABUBUWAN DA KE ƘARA YAWAN FESHI

Na farko, in akwai mace mai neman namiji a kusa. Kyanwa tana ɗaukar ciki kwana 63 zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya uku zuwa biyar. Saboda haka unguwar da ke da mata da yawa ba ta rabuwa da wannan.

Na biyu, in muzurai sun yi yawa a wuri guda. Bakin kasuwa, da mahauta, da wurin masu tuyar kifi, da juji, duk suna tara su, kowane kuwa yana so ya ɗora nasa a kan na ɗan'uwansa. A 'yan shekarun nan da rashin tsaro ya sa mutanen ƙauyuka da dama suka matso cikin manyan garuruwa, ana kuma tara hatsi a cikin gida maimakon rumbunan bayan gari, abinci da ɓeraye da kyanwoyi duk sun taru a wuri ƙanƙane.

Na uku, baƙon abu. Buhun da aka kawo daga kasuwar Tsafe ko ta Gusau ya zo da warin wurare dabam dabam, watakila har da na wani muzuru. Haka takalmin baƙo, da sabon kaya, da babur. Muzurun gida ya kan fesa musu don su ɗauki warin gida.

Na huɗu, tsoro da rashin kwanciyar hankali. In an yi ƙaura, ko an kawo kare, ko yara suna jifarsa, sai ya ƙara feshi, gama jin warin kansa a wuri shi ke kwantar masa da hankali.

ABIN DA BA YA MAGANI

Daga abin da ya gabata za a ga dalilin da ya sa duka ba ya amfani. Muzuru bai san laifi ya yi ba. Ba ƙeta ba ce, ba kuma ramuwa ya ke yi ba. In an doke shi tsoro zai ƙaru, feshin ya ƙaru, sai dai ya riƙa yi a ɓoye. Goga masa hanci a wurin ma haka.

Yar da shi a nesa bai fi duka ba. Sau da yawa ya kan komo. In bai komo ba, wurin da ya bari ba ya zama wofi, wani zai shigo, da ma warin na farko yana nan yana kiransa.

Guba kuwa ita ce mafi muni. Abincin da aka sa wa shinkafar ɓera ko fiya-fiya bai san bakin da aka nufa ba. Kaji su kan ci, kare ya kan ci, yaro mai rarrafe ma yana iya kai hannu. Ya kamata masu unguwanni su tsawata a kan wannan ƙwarai.

Akwai kuma masu cewa in muzuru ya yi wa ƙofar mutum fitsari, turo shi aka yi, ko sammu ne. Wannan zato ya raba zumunci a wurare da yawa. Ƙofa da bakin zaure su ne mashigar gida, nan warin waje da na ciki ke gamuwa, shi ya sa muzuru ya ke zaɓensu. A Ingila da Amurka ma ƙofa da taga ya fi yi wa. In irin wannan ƙara ta zo gaban dagaci, ya kamata ya yi wa masu ita wannan bayani tun magana ba ta yi nisa ba.

DON ME BA ZA A RABU DA KYANWA GABA ƊAYA BA?

Saboda ɓera, wanda a nan a ke kira kusu. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga abin da ya ci ba. Yana huda buhu, yana ɓata sauran hatsin da kashi da fitsari, yana cin irin da aka ajiye don shuka, yana gaigayar tufafi da takardu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A shekarar 1969 aka fara gane wani mugun zazzaɓi a garin Lassa, wanda yanzu ke cikin Jihar Borno, aka sa masa sunan garin. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka aka gano cewa wani irin ɓera mai nonuwa da yawa, wanda ke shiga gidaje da rumbuna, shi ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Yana barinta a abinci da ƙwarya da tabarma ta wurin fitsarinsa da kashinsa. Cutar ta fi tashi da rani, daidai lokacin da hatsi ke gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarwarin da ta ba da na kare kai, ta ambaci ajiye hatsi a mazubi mai murfi, da zubar da shara nesa da gida, da tsabtace ɗaki, da kuma ajiye kyanwa.

To, a auna. Fitsarin muzuru yana da wari, yana ɓata tabarma da buhu, amma hanci yana jinsa, ido yana ganinsa. Na ɓera ba safai a ke lura da shi ba, shi ne kuwa ke iya kisa. Wanda ya kori muzuru saboda wari ya buɗe wa ɓera ƙofa.

Ba mu ce kyanwa kaɗai ta isa ba. Ƙananan ɓeraye ta fi kamawa, ba kowace ke iya tunkarar gafiya ba. Tilas a haɗa da toshe ramuka, da ɗaga rumbu a kan duwatsu, da share gindinsa. Amma tana daga cikin masu gadi, kuma ba ta karɓar albashi.

MAGANI NA GASKIYA: FIƊIYA

Tun da 'ya'yan maraina ne tushen abin, cire su shi ne magani. A shekarar 1973 waɗansu likitocin dabbobi a Kalifoniya ta Amurka, Hart da Barrett, suka bi labarin manyan muzurai da aka yi wa fiɗiya. Suka samu kusan tara cikin goma sun daina feshi, ko sun rage ƙwarai, mafi yawansu nan da nan, waɗansu a hankali. Faɗa da yawon dare ma sun ragu kamar haka. Wani bincike na 1984 ya nuna kamar ɗaya cikin goma na waɗanda aka yi wa ya kan ci gaba da feshi. Ko shi ma warin nasa bai kai na dā ba. Mun faɗi wannan ne don kada a yi wa mutane alkawarin abin da ba kullum ya ke cika ba.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Lokacin da ya fi kyau shi ne yana wata 4 zuwa 6, tun bai koyi halin ba. Amma babba ma ana yi masa, kuma yana amfana.

A nan sai a yi hattara. Fiɗiyar muzuru ba kamar dandaƙar sa ko bunsuru ba ce. Ƙarfen da malaman dabbobi ke matse jijiyar sa da shi ba a yi shi don kyanwa ba. Ba a ɗaure masa roba, ba a daka shi, ba kuma aikin wanzami ko mahauci ba ne. Likitan dabbobi ne ke yi masa allurar barci, ya ɗan tsaga, ya cire, cikin 'yan mintoci. Kwana biyu ko uku ya miƙe. Wanda ya yi da reza a gida ba tare da allura ba ya azabtar da dabba, kuma sau da yawa jini ko ruɓa ya kan kashe ta. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol don rage ciwo. Abin da ke magani ga mutum guba ne gare ta, ƙwaya guda tana iya kashe ta.

Wanda ke bukata ya fara tambaya wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, shi zai nuna masa likitan da ke yi a Gusau. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato duka suna da asibitin koyar da likitancin dabbobi inda a ke irin wannan aiki.

Akwai tambaya uku da mutane su kan yi.

Zai daina kama ɓera? A'a. Farauta dabam, neman mace dabam. Mace ba ta da maraina, ga ta kuwa gwana. Hasali ma wanda aka yi wa fiɗiya ya fi zama gida kusa da rumbu, maimakon ya kwana a wata unguwa.

Zai yi ƙiba ya lalace? Ya kan ƙara jiki in ana cika masa abinci. A ba shi daidai, kada kuma a hana shi da nufin yunwa ta sa shi farauta, gama mayunwacin muzuru shi ne ke komawa kan 'yan tsaki.

Ya halatta? Malamai da dama sun yarda da shi in akwai cutarwar da a ke so a kawar, muddin ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi limamin garinsu. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne haramcin azabtar da kyanwa da yunwa ko duka.

YADDA ZA A WANKE WURIN

Ko an yi fiɗiya, in tsohon wari yana nan zai iya jawo shi, ko ya jawo wani. Saboda haka:

1. Siminti, da ƙyauren ƙarfe, da roba: a wanke da ruwan ɗumi da garin sabulu, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai. In da hali a maimaita kashegari.

2. Bangon ƙasa: ruwa ba ya fitar da shi, sai dai ya tura shi ciki. A kankare wurin, a kwashe ƙasar a kai nesa, a yaɓe da sabuwa.

3. Tabarma da tufafi: a wanke, a shanya a rana mai zafi. Abin salla a riƙa naɗe shi ana ratayewa sama.

4. Buhun hatsi: a juye a wani buhu, a zubar da wanda ya jiƙe. A jera buhuna a kan katako, kada su taɓa bango, a rufe ɗakin da dare in ba muzurun gidan kaɗai ke shiga ba.

5. Kada a zuba ruwan bilic a kan fitsarin, haɗuwarsu tana ta da tururi mai cutar ido da ƙirji. Haka ruwan kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ke yin fari kamar madara in an zuba shi a ruwa, guba ne ga kyanwa in ta taka ta lashe ƙafa.

6. Bayan wurin ya bushe, a ajiye masa kwanon abincinsa a nan na 'yan kwanaki. Ba safai kyanwa ke fesa inda ta ke ci ba.

IN CIWO NE FA?

Wani lokaci abin da a ke zato feshi ne ciwon mara ne. Alamarsa ita ce muzuru ya riƙa tsugunawa sau da yawa yana nishi, fitsarin yana ɗiga kaɗan kaɗan, ko da jini, yana yawan lasar gabansa. In ya tsuguna kome bai fito ba, mafitsara ta toshe ke nan, kuma yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Wannan ba ya jira, sai likita.

Haka kuma a tuna kyanwa tana iya kamuwa da ciwon haukan kare. In muzuru ya sake hali farat ɗaya, yana cizo ba dalili, yana dalalar da miyau, kada a kama shi da hannu. Wanda ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

1. A karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani a ranar da suka taru, su kuma su faɗa wa magidanta. Kada a manta da mata, gama su ne suka fi sanin kyanwar gida.

2. In ƙara ta zo a kan muzurun maƙwabci, a tuna kyanwa ba akuya ba ce da za a ce a ɗaure ta a turke. Sulhun da ya fi dacewa shi ne mai shi ya yarda a yi masa fiɗiya, wanda aka ɓata wa kaya kuma ya wanke wurin yadda aka bayyana. In mai shi ba shi da hali, gidajen da ke cin amfanin farautarsa su taimaka.

3. A hana sa guba a fili, a hana yara jifar kyanwa.

4. Malamin hakimi ya rubuta sunayen unguwanni da yawan gidajen da ke son a yi wa muzuransu. Likita ba zai taso daga Gusau zuwa Bilbis don muzuru guda ba, magidanci kuma ba zai so ɗaukar kyanwa a mota a wannan hanya ba. Amma in an tara ashirin ko talatin aka sa rana, magana ta zama ta hukuma da hukuma. Ana iya neman a haɗa da ranar allurar karnuka. An keɓe ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara don yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, lokaci ne mai kyau na tunatar da ma'aikatan dabbobi.

5. A sa sarkin fawa da sarkin kasuwa su lura da zubar da ƙashi da kayan ciki, don kada wurin ya zama matattarar muzurai marasa gida.

6. A ofishin hakimi kansa, kada a bar rajista da takardun gonaki da na gado a ƙasa ko a jingine da bango. A sa su a akwatin ƙarfe ko kabad mai rufi. Takardar da muzuru ya fesa wa tawadarta ta kan narke, wadda ɓera ya ci kuwa ba ta komowa, kuma wata rana ita ce za a nema a raba gardama da ita.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai bayani da haƙuri. In talakawa suka ji daga bakin iyayen ƙasa cewa muzuru halinsa ya ke bi, kuma halin yana da magani, za su daina kashe mai gadin rumbunsu, maƙwabta kuma su huta da zargin juna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma, amin.